Rasuwar Barandar Mama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa bi ta layinmu ya ɗaga kai sama, rasuwar barandar katakon da ke jikin benenmu. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, a hannun ma'aikatan kwamitin farfaɗo da tsohuwar unguwa, bayan gajeriyar jinya. Ni ne babban ɗa a gidan, kuma ƙannena sun bar mini wannan sanarwa ne don sun ce ni kaɗai zan iya rubuta ta ban zagi kowa ba.

Ba mu san shekarun marigayiya ba. Mahaifinmu a nan ya tarar da ita lokacin da ya tare a saman benen, kuma ko a wancan zamani tsohuwa ake ce mata. Ba ta da wani girma. Kujera ɗaya take ɗauka, sai wurin miƙe ƙafa, sai ɗan lungun da jika zai raɓe. Gungumen katako uku ne suka tokare ta daga ƙasa, sandunan gabanta duk sassaƙa ce ta hannu, babu biyu da suka yi kama da juna, sannan ga 'yar rumfar kwano a kanta. A da kowane gida a layin yana da irinta, suna fuskantar juna, kusa da kusa har mace kan ɗaura ƙullin gishiri a bakin sanda ta miƙa wa maƙwabciyarta. Duk 'yan uwan nata sun riga ta tafiya, wasu gara ta cinye, wasu masu gidajen suka cire suka liƙa allon talla. Ita ce ta rage.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ta ɗauki shanyar gida guda ba ta taɓa ƙorafi ba. Ta ji faɗan ma'aurata na gidan da ke kallonmu, ta ga wanda ya dawo da wuri da wanda ya fita a ɓoye, ba ta kai wa kowa gulma ba. Maganarta kaɗan ce. In an taka ta sai ta ce “ƙiiiƙ”, in an zauna ta ce “ƙyas”, in ruwan sama ya sauko rumfarta ta yi ta “taf-taf-taf” har a ɗauke. Amma in mahaifiyarmu ce ta fito, wata doguwar “ƙiiii” take ja, wadda duk shagunan ƙasa suka sani.

A nan ne zancen yake yi mini nauyi. Mama ta daɗe rabonta da ƙasa. Gwiwoyinta sun ƙi, matakalar benenmu kuwa siririya ce mai murɗiya, irin ta ginin da. Sau ɗaya muka gwada sauko da ita a kan kujera, muka maƙale a kwana, ta yi kuka ta rantse ba za a sake jan ta kamar buhu ba. Ƙasan benen shaguna ne, ba namu ba. Tagar ɗakin baya kuma bangon wani gida take kallo. Saboda haka barandar nan ita ce kasuwar Mama, ita ce zumuncinta, ita ce duk duniyar da ta rage mata.

Da safe za ta yi wanka, ta ɗaura ɗankwali kamar mai zuwa unguwa, a kama ta a zaunar. Sai ta zura kwandonta da igiya, mai kayan miya ya zuba, ta jawo, ta duba tumatir ɗaya bayan ɗaya, ta mayar masa da wanda ya lotsa. Daga nan sai ta koma kan mutane.

“Kai mai aski, ka karya kuwa, ko yau ma da surutu za ka wuni?”

“Na karya, Mama.”

“Ƙarya kake, idonka ya faɗa. Ɗauki abin da ke cikin kwandon nan.”

Haka take wuni. Tela ba ya yanka yadin biki sai ya ɗaga mata ta gani. Yaran da ta tsawatar wa daga sama yau su ke kawo nasu 'ya'yan su tsaya a ƙasa su gaishe ta.

To, akwai wani abu da mutanen layinmu suka saba yi wa marigayiya, kuma ba zan ɓoye shi ba, tunda shi likitoci suka kama. Duk wanda ya yi fenti ya samu ragowa, ba ya zubarwa, barandar Mama yake kawo wa. Bakanike ya kawo ja, tela ya kawo shuɗin ƙofar shagonsa, mai rubuta allunan shaguna ya kawo duk abin da ya rage a gwangwani. Ba a kankare na da, a kai ake shafawa. In ka ga launin barandar ya canza, ka san wani a layin ya samu buɗi. Mama kan ce, “Ko amarya ba ta kai ta canza kaya ba.” Mu a wurinmu gata ne muke yi mata.

Sai aka zo da maganar farfaɗo da unguwa. Gaskiya mun yi murna, kada wani ya ce ba mu yi ba. An shimfiɗa duwatsu a layi, an kafa fitilu masu siffar na da, an gyara magudanar ruwan da ta daɗe tana addabar mu. Baƙi suka fara zuwa da kyamarori, kuma duk wanda ya zo a ƙarƙashin barandarmu yake tsayawa. Kwamiti ya fito da wani tsohon hoton layin, ya ce za a mayar da fuskar kowane gida yadda take a ciki. A hoton, marigayiya ba ta da fenti, katako ne zalla. Suka ce za su kankare ta a ga asalin kyawunta. Mu da kanmu muka roƙa a fara da gidanmu.

Aka mayar da Mama ɗakin baya saboda ƙura, aka toshe ƙofar barandar da falanki, ma'aikata suka hau. Fentin ya riƙa ɓantarowa ɓawo-ɓawo, ja a kan shuɗi, shuɗi a kan kore, kaurinsa ya kusa yatsa. Da suka kai ga katakon sai suka tsaya. Aka kira injiniya, wata mata mai sanyin murya. Ta ciro makullin motarta ta danna a jikin gungume ɗaya, ya shige kamar a cikin burodi.

Ta sauko ta same ni, ta ce, “Yallaɓai, ka yi haƙuri. Fentin nan ya kulle danshi a ciki, katakon ya daɗe da ruɓewa. Ban san me ya riƙe ta ba in ba fentin ba. Wa ke zama a kai?”

Na ce, “Mahaifiyata. Kullum.”

Ta sake kallon sama, ta ce, “Ku gode wa Allah.”

Mun gode, har gobe muna godiya. Amma garin neman gira mun rasa ido. Washegari aka kawo zarto. Marigayiya ba ta yi gardama ba, “ƙiiƙ” ɗaya ta yi, gajeriya, aka sauke ta da igiya.

An ce za a sa wata a madadinta, na ma ga zanen. Ta ƙarfe ce mara nauyi da za a shafa wa launin katako, kyakkyawa ƙwarai, kamar ta cikin hoton. Sai dai faɗinta na tukunyar fure ne, don an ce bangon ya tsufa, ba zai ƙara ɗaukar nauyin mutum ba. Ƙofar kuma za a rufe ta da gilashin da ba ya buɗuwa. Na je ofishin kwamiti, na je wurin injiniya, na koma ofishin. Kowa ya ba ni kujera, kowa ya ba ni haƙuri, kowa ya nuna mini inda bangon ya tsage, kuma da idona na ga tsagar. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan: babu wanda ya yi mana mugunta. Da akwai, da na samu wanda zan ci kwalarsa in huce. Ba ni da abin yi, kuma ban taɓa jin na kasa kamar wannan karon ba.

Marigayiya ta rasu ta bar kujera ɗaya, da kwando da igiyarsa, da ramuka uku a jikin bango. Ta bar mai aski da ya rame a 'yan kwanakin nan, da telan da ke yanka yadi ba shawara, da mai kayan miya wanda har yanzu in ya iso ƙofarmu sai ya rage tafiya. Ta kuma bar mahaifiyarmu.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe, lokacin da motar kwashe ɓaraguzai za ta zo. Mun so mai gidan burodi ya karɓi gawar ko wuta ta amfana, ya ce hayaƙin fenti zai ɓata masa gashin burodi. Masu son rakiya sai su tsaya a bakin layi. Ana roƙon kada kowa ya zo da fenti.

Zaman makoki a shagon mai aski za a yi, ba a sama ba. Wannan shi ne babban roƙonmu, don Allah a kiyaye: Mama ba ta san an yi rasuwar ba. Mun ce mata an kai barandar wurin kafinta gyara. Duk wanda zai iya hawa matakalar, ya hau ya gaishe ta, ya ba ta labarin layi, wa ya haihu, wa ya yi faɗa da wa, amma kada ya yi mata ta'aziyya. Zai same ta an dawo da ita ɗakin gaba, da ɗankwalinta a ɗaure, a kan kujera, tana fuskantar falanki. In ta tambaye shi aikin, ya ce ana nan ana yi. Kuma kada ya tsaya kallon fuskarta in ta ba shi saƙon da take ba kowa, wanda ni ma ta ba ni yau da safe:

“Ka ce wa kafinta kada ya yi gaggawa, ya yi mata aiki mai kyau. Ina nan, ina zan je?”