Ranar da Wayar Baba Hedimasta ta Tona Min Asiri

Ko na so, ba zan taɓa mantawa da damunar da baƙuwar tsutsa ta faɗa wa masarar Nasarawa Burkullu ba, domin a damunar ce ni ma aka cinye ni a tsaye. Lokacin ina malamin gona a yankin Bukkuyum, ina yawo a kan wani babur da ya gaji kamar mai shi. Ba taki a hannuna, ba iri. Abin da nake da shi kawai shi ne idan na yi magana manoma su yarda.

Shugaban ƙungiyar manoman garin wani dattijo ne da ya yi ritaya daga shugabancin firamare, kowa Baba Hedimasta yake ce masa. Ɗansa ya aiko masa da wayar shafa-shafa, Baba ya ce in saita masa. Buɗe sabon imel a garin da sai ka hau tudu kafin ka samu sabis ba ƙaramin aiki ba ne, sai kawai na zuba masa nawa a cikin burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita (na san ba ni kaɗai na taɓa wannan ragwancin ba, kada ka yi min dariya tukuna).

Bayan 'yan watanni ya tare ni a kasuwa, ya miƙo min wayar. Sanarwa ce ta fito, wai masu burauzar sun sauya ƙa'idojinsu na sirri.

"Malam, mi sunka canza? A yarda da su?"

Na ja rubutun da babban yatsa har ƙasa, ban tsaya a ko layi ɗaya ba. Na ce, "Baba, manyan kamfanoni ne, sun ce sirrinka na da daraja a wurinsu. Ba komai."

"Ka karanta?"

"Na karanta."

Na danna masa "Na yarda", na danna a tawa wayar, na hau babur ina jin kaina.

Sai tsutsa ta zo. Wallahi ban santa ba, ko a kwaleji ba a taɓa nuna mana ita ba. Maimakon in faɗi haka, sai na ce zan tuntuɓi manyan masana a Zariya. Masanan nan dai ba kowa ba ne illa wayata, da wani tudu a bayan gari inda nake zama ina lalube. Na samo shawara, kuma mai kyau ce: a duba gona da sassafe, a zuba magani ko toka a cikin kunnen masara tun tsutsar tana ƙarama.

Aka kira taron manoma a wani ajin firamare bayan sallar Juma'a, ajin ya cika har taga. Na miƙe na ce na yi magana da manya a Zariya har sau biyu, sun jinjina wa ƙoƙarin mutanen Burkullu (wannan jinjinar ni na ƙara ta, don miya ta yi daɗi). Ina cikin zuba sai Baba Hedimasta ya ɗaga hannu kamar ɗalibi, ya gyara tabarau.

"Malam, wayag ga da kag gyara min, kwana biyu tana nuna min abubuwan da ban tambaye ta ba. Bari in karanto, ko kai ka gane."

Da Turanci suke, amma mutumin da ya shekara talatin yana koyarwa ba ya rasa fassara. A hankali ya riƙa karantowa. "Wace tsutsa ce ke cin masara. Hoton tsutsar masara." Har nan ina da sauran numfashi. "Yadda za ka amsa wa manoma idan ba ka san amsa ba." Ya ɗan dakata, ya karanta na ƙarshe. "Neman aiki a Gusau, kowane iri ne."

Can wani Ardo da ke noma a gefen gari ya ce daga baya, "To, wane na Zariyan a ciki?"

Ajin ya ɗauki dariya. Baba bai yi ba, kuma wannan ya fi min ciwo. Ya mayar da wayar aljihu ya ce, "Ɗana, da kac ce ba ka sani ba, da mun nema tare. Ni ma na sha hwaɗin haka gaban yara."

Abin da har yau yake ci min rai shi ne shawarar tawa daidai ce, amma ba wanda ya ɗauka. Suka koma wajen mai sayar da maganin feshi a kasuwa, ya ba su abin da ke gabansa. Gonaki da dama ba su kai labari ba, kuma ina da hannu a ciki.

Daga baya na zauna da ƙamus na karanta sanarwar nan, kwana uku ina fama. Can tsakiya na tarar da shi a rubuce ɓaro-ɓaro: daga yanzu duk abin da ka nema zai bayyana a kowace waya mai ɗauke da imel ɗinka. Ashe kamfanin bai yi min ƙarya ba. Ya dai ajiye gaskiyar a inda ya san rago irina ba zai kai ba. Ni ne na yi ƙaryar, har biyu.

Yanzu idan wani ya miƙo min waya ya ce ko a yarda da irin wannan sanarwar, nakan ce, "Ban sani ba, zauna mu karanta." Yawanci yakan dube ni, ya dubi tsawon rubutun, ya karɓe wayarsa ya tafi neman wanda ya sani.