Ranar da Na Bugu a Gaban Liman

Ko na tsufa na manta sunan maƙwabcina, ba zan manta ranar da kawuna ya zo daga Norway ba.

Mahaifiyata 'yar can ce. Baba ya auro ta lokacin da aka tura shi karatun kiwon kifi, ta musulunta, ta zauna Argungu, ta rasu ina shekara huɗu. Ban gaji komai na harshenta ba sai dogon hanci. Da wasiƙa ta zo cewa yayanta zai kawo ziyara (lokacin muna ƙarƙashin jihar Sakkwato, ina koyar da darasin addini a wata firamare a Birnin Kebbi), sai na ɗauko tsohon ƙamus ɗinta da kaset biyu, na duƙufa wata biyar. Na kuma cika gari da cewa na iya "Norwanci". Har kan keke gaishe da mutane nake yi da shi.

Ranar Asabar aka yi masa walimar rana a gidanmu na Argungu: tuwon shinkafar fadamar Zauro da miyar giwan ruwa. Baffana, limamin unguwa, yana zaune gefen Baba. Na gaida Kawu da harshensa, ya rungume ni, idonsa ya kawo ruwa. Nan kaina ya ƙara girma.

Muna cikin ci Kawu ya turo mini kan kifi. Na so in ce na ƙoshi. Kalmar ta ɓace mini, sai na cafko wata da ke kama da ta Turanci mai nufin cika. Na dafa tumbi, na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Yai ar ful!"

Kawu ya ajiye cokali, ya leƙa cikin kofina. Baba kuwa tuwo ya sarƙe shi.

Baffa Liman ya ce, "Mi yac ce ne?"

Baba ya share hawaye, ya ce, "Yaya, ɗanka cewa ya yi ya sha giya ya bugu."

Baffa Liman ya ce, "Malamin addinin?"

Na yi ta rantsuwa da Hausa, da Larabci, har da Turanci, amma Norwancin nan ya gudu ya bar ni. Mata a cikin gida sun ji, dariya ta ɓarke har ƙofar zaure. Kawu ya riƙe hannuna, ya koya mini kalmar daidai, "met", ya sa na maimaita sau uku kamar ɗan aji ɗaya. Sannan ya ce (Baba na fassarawa) ƙanwarsa ma ta rubuto musu cewa ta taɓa gaida surukarta da "ina gawa" a maimakon "ina gajiya". Karon farko ke nan da na ji labarinta ya sa ni dariya.

Ban daina koyo ba, yanzu har wasiƙa nake rubuta wa dangina na can. Amma in na ƙoshi, a kowace ƙasa nake, hannu nake wankewa in ce alhamdulillahi, in yi shiru.