Iyakwandishan da Na Ɓoye wa Hadari

Da na sayo iyakwandishan a Jimeta, na rantse ba zan bar rabinsa a waje iskar damina ta yi gaba da shi ba. Da hannuna na kafa injin wajen a cikin zaure, na ja baya ina yaba basirata.

Ɗakina dai ya yi sanyi. Zaure kuwa ya koma tanderu. Bappa, ƙanen babana, ya zo taya murna, ya zauna can yana jirana. Na tarar ya cire hula, gumi har gemu.

Ya ce, "Ɗana, baƙi kake gasawa?"

Har yau, duk damina Goggo, yayar Bappa, sai ta aiko mini da kuɓewarta: "A kai wa Injiniya ya busar."