Direba da Shugabar 'Yan Shara

"Lafiya lau, sai dai kewar angona da ta hana ni sukuni," in ji ta, tana cire takalmi a bakin ƙofa.

"Ƙarya kike yi. Mai kewar miji ba ta shigo masa ɗaki da warin kwata."

Tsohon yana zaune a kujerarsa ta bakin taga, rediyonsa a cinya, batirinsa ya ƙare. Bas ya tuƙa tun yana saurayi har idonsa ya gaji, shi ya sa kowa Direba yake ce masa, har jikokinsa. Da matarsa ta rasu, 'yarsa ta ɗauko shi daga tsohuwar unguwa ta dawo da shi gidanta, ɗakin sama, inda ba a hango komai sai rufin gidaje da tankunan ruwa. Wadda ta shigo jikarsa ce, ɗalibar aikin jinya. Ita ke jagorantar matasan da suke kwashe leda da robobi daga rafin bayan tsohuwar unguwar duk ranar hutu. Da safe ya aike ta sayen batir, sai ga ta da la'asar rungume da ɗan dashen itace a cikin baƙar leda.

"Batir na ce. Wannan ta wace kafa ake sa shi a rediyo?"

"Rediyon nan ya girmi mamata, Direba. Ko an sa masa batir tari kawai yake yi."

"Ya girme ta, amma bai taɓa dawo min da ciyawa ba. Je ki, na sake ki."

"Sakin jiya ma ban gama iddarsa ba."

Ta ajiye dashen a kan taga, ta zaro batiran daga aljihun rigarta ta miƙa masa. Ya juya su, ya shinshina, ya ce daga gani a bola ta tsinto su, tunda can ne ofishinta. Ya ce shi da aka gaya masa amaryarsa za ta zama mai jinya, har ya fara yi wa abokansa alfahari, ashe magudanar ruwa za ta riƙa yi wa allura. Ita kuma ta ce ai aikin da ya bari take gyarawa, don rabin ledar da ke rafin ta tagar bas ɗinsa aka jefo ta, sauran itatuwan kuma hayaƙin motarsa ne ya ƙarasa su.

"Motata? Motar da in ta wuce mutane ke buɗe taga su shaƙi ƙamshi?"

"Haka ne. Shi ya sa duk tsofaffin layinku suke tari iri ɗaya."

Ya yi dariyar da ta zame masa tari, ta miƙa masa ruwa tana cewa ga shaida nan.

Sai da ya lafa ta gaya masa abin da ya kawo ta. Masu garejin manyan motoci sun nemi a ba su bakin rafin, a cike shi da ƙasa su riƙa ajiye tireloli. Jami'an tsara gari za su zo ranar hutu su ji ta bakin mutanen unguwa. Da matasan suka je ofishin da farko, wani ya ce musu yara ne da ko ɗaki ba su mallaka a wurin ba. Sun bi dattawan layin gida-gida, kowa sai ya ce ƙafa, ya ce baya, sai wani tsohon tela ne ya faɗi gaskiya, ya ce in Direba zai zo su ma za su fito. Dashen kuma, a gurbin itacen da aka sare kusa da gada take so a sa shi, da hannunsa.

Direba ya shiga ƙoƙarin buɗe murfin rediyo, alhali a buɗe yake.

"Ku me kuka sani game da rafin? A zamaninmu kifin cikinsa sai an cire kujerar baya kafin ya shiga bas."

"Wancan karon akuya ka ce ya kai."

"Ya ƙara girma. Kifi ne, ba ke ba ce da kika tsaya wuri ɗaya kamar turmi."

"To zo ka gaya wa jami'an da bakinka. Ni in na faɗa cewa za su yi ƙarya ce, kai kuwa furfura za ta rufa maka asiri."

Ya juya wajen taga. Ya daɗe yana kallon rufin gidajen. Da ya yi magana, ba ita yake kallo ba. Ya ce kakarta ba ta taɓa tsayar da tsintsiya a iyakar ƙofarsu ba, sai ta share ta maƙwabta, ta bi lungu har gada. Mutane suna ce mata aikin banza take yi, ita kuwa takan ce ruwan da ya wuce ta ƙofarka gidan wani za shi, kuma Allah zai tambaye ka yadda ka sallame shi. Ya ce in ya ajiye mota da yamma ba gida yake fara zuwa ba, gada yake bi, don ya san zai same ta a ƙarƙashin itacen nan tana wanke ƙafa, tana yi wa yaran unguwa faɗa a kan leda. Daga nan su tako tare, tana gaba yana baya, tana ba shi labarin wanda ya haihu da wanda ya yi faɗa da wa.

"Ba ƙafa ce ta hana ni ba," ya ce. "In na je, sai na duba inda take tsayawa."

Jikar ta zauna a ƙasa kusa da kujerarsa.

"Ni ma ina dubawa, Kaka. Duk ranar da muka je, ta nan nake fara sharewa, ba na bari kowa ya riga ni."

A ƙasa ana jin mamarta tana kiran wani ya rufe famfo. Tsohon ya goge ido da gefen hannun riga, ya ce ƙurar da ta kwaso daga bola ce ta cika masa ɗaki, kuma wannan ma laifi ne da ya isa saki.

"Ka tara sakin naka, ka ba ni gaba ɗaya ranar hutu a bakin gada. Kowa ya shaida."

"Ji wayo. Wato a gaban tela kike so ki kunyata ni."

"Tela ya ce ma ba za ka iya zuwa ba. Wai ka tsufa, ko hanyar ba za ka gane ba."

"Tela? Mutumin da ya ɗinka min wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, ya ce ƙafata ce ta karkace?"

Ya nuna mata ƙasan gado da sandarsa, ya ce ta jawo akwatin ƙarfen nan. A ciki, ƙarƙashin tsofaffin rigunansa na aiki, akwai malafa da bakinta ya fara warwarewa, an ɗaure igiyarta da ƙyalle shuɗi. Jikar ta gane ta tun kafin ta ɗaga, ta kakarta ce. Ta riƙe ta da hannu biyu.

"Ɗora mu gani," ya ce.

Ta ɗora. Malafar ta sauko har ta rufe mata gira. Ya kalle ta, ya kau da kai, ya sake kallonta.

"Ko kusa ba ki kai ta kyau ba. Amma rana ba ta san haka ba, za ta ƙyale ki. Aro ne, ki sani."

"In kana son abarka, ka san inda za ka same ni."

Direba ya yi dariya yana girgiza kai.

"Kin ci, Shugabar 'yan shara. Ki zo da wuri ki riƙe min hannu a matakala. Amma da mun hango tela, ki sake ni, ki koma bayana."