Ranar Da Na Kira Inna A Lasifika

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kira mahaifiyata a lasifika ba, kuma ko na so in manta abokan aikina ba za su bari ba. Har yau idan na shiga ofishin shugaban sashenmu da wata buƙata, sai ya miƙe ya buɗe hannuwa biyu yana kallon ƙofa, ya ce, "Dakta, har yanzu ba ta taso ba?"

Bari in fara daga tushe. Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na ƙasar Roni ya san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In za a miƙo min tuwo, sai ta ce wa ƙanwata, "Kai wa wancan." In na durƙusa na gaishe ta, sai ta amsa tana kallon garu. Tun da aka yaye ni Gwaggo Delu, ƙanwar mahaifina, ta ɗauke ni. Ita ta yi jinyar ƙyandata, ita ta je makaranta ta zazzage wa malamin da ya zane ni, ita ce kuma mai bugun ƙirji da ni a gidan biki. Kunyar ɗan fari ce, ba ƙiyayya ba, kowa ya san haka, ni ma na sani. Amma ga ni da furfura a gemu, da 'ya'yana, da digiri har na uku, ban daina son in ga ranar da Inna za ta dube ni ta nuna ta yi murna da ni ba. Wannan kwaɗayin ne ya kai ni ya baro.

Ina koyar da ilimin adana amfanin gona a wata jami'a. Na shafe shekaru ina rubuta neman tallafin bincike a kan abu ɗaya: yadda manomi zai ajiye wake ƙwari ba su cinye ba, kuma ba tare da ya barbaɗa maganin nan da ke kwantar da mutane a asibiti ba. Na rubuta, an ƙi. Na gyara, an ƙi. Na haddace jimlar nan ta "muna baƙin cikin sanar da kai" har ina jin ta a mafarki. Abokan da muka fara aiki tare suka samu nasu, suka yi gaba, ni ina nan ina yi musu barka da haƙora a waje. Sai wata shekara Allah ya yi, aka amince. (Da labari ya isa gida, dangi suka fara yi min murnar sabuwar mota. Na yi bayani har na gaji cewa tallafin na buhuna ne da kayan awo da zirga-zirgar ƙauyuka, amma har yanzu akwai kawuna da yake ganin rowa ce kawai.)

Masu ba da tallafin suka ce lallai a ƙaddamar da aikin a gaban manoman da za a yi shi da su. Aka kama wani ɗakin taro a Kazaure, aka gayyato dagatai da shugabannin manoma daga Roni da Gwiwa da Ɓaɓura, ga shugaban tsangayarmu da na sashenmu, ga ɗalibaina, ga wakiliyar masu tallafin, wata Madam Grace da ta taso daga kudu musamman don taron.

To ni a wani taron masana da na taɓa zuwa a Abuja, na ga wani farfesa ya karɓi lambar yabo, ya kira tsohuwarsa kan dandamali ya rungume ta, duk ɗakin ya miƙe tsaye ana tafi, har da masu share hawaye. Tun ranar abin ya zauna min a rai. Na ce wallahi in tawa ranar ta zo, haka zan yi.

Na gaya wa matata Hadiza shirina. Ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Baban Amira, Inna fa kake nufi? Innarmu ta Roni?"

Na ce, "Zamani ya canza, Hadiza."

Ta ce, "A wurinka ya canza. Ita ka tambaye ta?"

Ban tambaye ta ba, don na san amsar. Gwaggo Delu na sa ta lallaɓo ta, aka ce mata taron manoma ne a kan wake, ba wanda zai ma san ta zo. Ta yarda bisa sharaɗin za ta zauna can baya kusa da ƙofa. Gwaggo ma ban gaya mata sauran shirin ba. Da ta sani, da tun a zaure ta kashe maganar.

Ranar taro na sha babbar riga mai aiki, hula ta zauna daram, turare kuwa har mai gadi sai da ya yi atishawa. Aka yi addu'a, shugaban tsangaya ya yaba min yabon da ban taɓa ji daga bakinsa ba (a ofis gaisuwata ma da ƙyar yake amsawa), sannan aka miƙo min lasifika, irin marar waya ɗin nan. Na yi bayanin ƙwaron wake, na nuna buhun da iska ba ta shiga, manoma suna gyaɗa kai. Wani dattijo daga Gwiwa ya yi tambaya mai ma'ana, na amsa, aka tafa. Komai yana tafiya sumul. Da a nan na ce wassalamu alaikum, da yau ba ni da labarin ba ku.

Sai na gyara murya, na sassauta ta yadda farfesan nan ya yi.

Na ce, "Jama'a, wannan bincike ba a jami'a ya fara ba. A tsakar gidanmu ya fara. Ina yaro nakan laɓe a bakin zaure in ga wata mata zaune da faifai tana tsince ƙwari daga waken da ta wahala a kansa tun damina, rabinsa ya zama gari. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Tun lokacin na ce in Allah ya raya ni sai na yi maganin ƙwaron nan."

Ɗakin ya yi tsit. Na ce a raina, yawwa, na kama su.

"Wannan mata tana cikin ɗakin nan. Mahaifiyata ce, ni ne ɗanta na fari. Hajiya Rabi, ki taso ki zo nan kusa da ni, duniya ta gan ki."

Kun ji fa. Ban tsaya a kiran ta ba, har sunanta na yanka na faɗa, a lasifika, a gaban dagatai. Sannan na buɗe hannuwa biyu, babbar riga ta baje, na tsaya ina jira.

Ba wanda ya motsa. Dagatan da ke layin gaba duk suka sunkuyar da kai, kowa ya shiga nazarin takalminsa. Can baya na hango Inna ta ja mayafi ta rufe fuska har haɓa, ta juya tana fuskantar bango. Hadiza, da ke zaune a ɓangaren mata, ta dafe goshi.

Madam Grace, baiwar Allah, ba ta san dawan garin ba. Ta ɗauka tsohuwa ce mai jin nauyin jama'a, tana buƙatar ƙarfafawa. Sai ta miƙe ta fara tafi a hankali, tana murmushi, tana waige-waige. Ɗalibaina, 'yan albarka, suka kama mata. Tafi ya ɗauka raf, raf, raf, mai hoto ya zagayo ya durƙusa a gabana, ni kuma hannuwa a buɗe, murmushin ya fara bushewa a fuskata, gumi yana bin bayana.

Mai hankali a nan zai sauke hannu ya ce, "To, kunya ta hana ta, mu ci gaba." Ni da digirina uku sai na ce bari in je in taho da ita. Na sauko daga dandamali, na bi tsakiyar kujeru, lasifika a hannu, tafi yana ƙaruwa. Na isa layin baya na rusuna a gabanta, ban kashe lasifikar ba, na ma manta tana hannuna. Inna ta karkata wajen Gwaggo, a cikin mayafi, murya ƙasa-ƙasa, ta ce:

"Delu, yaron nan lafiyarsa ƙalau kuwa?"

Maganar ta fita ta kowace kusurwa ta ɗakin, tas, kamar sanarwar masallaci.

Dariya ta ɓarke. Ba dariyar mugunta ba ce, amma dariya ce ta mutanen da suka daɗe suna riƙe ta. Wani dagaci rawaninsa har rawa yake. Shugaban tsangaya ya toshe baki da takardar jawabinsa. Madam Grace tana tambayar na kusa da ita me aka ce. Ana cikin haka Inna ta miƙe. Na ce a raina alhamdulillahi, ta yarda, na sake buɗe hannuwa. Ta raɓa ta gefena ta fice ta ƙofar baya ko waiwaye babu.

Na tsaya a tsakiyar hanya tsuru-tsuru. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja babbar rigata. Gwaggo Delu ce ta cece ni. Ta tashi ta kama hannuna ɗaya ta ɗaga sama, ta ce da ƙarfi, "Ni na goya, ni na yi wahala, in tafi ne ni za ku yi wa." Aka tafa mata da gaske. Dattijon nan na Gwiwa ya ce a hankali, "Dakta, koma ka ƙarasa mana maganar wake." Na koma. Abin da na faɗa daga nan har aka tashi, ko a gaban alƙali ba zan iya maimaitawa ba.

Abin da ya fi dariyar ci min rai shi ne tunanin na tozarta ta. Matar da ta yi shekaru tana tsare mutuncinta, na jawo ta garin mutane na mai da ita abin kallo, don kawai in ji daɗi. Na ce shi ke nan, ɗan abin da nake samu ma, amsa gaisuwar nan ta gefen garu, na rasa shi.

Da aka watse na same ta zaune a gindin darbejiya kusa da motata, ta ba ɗakin taron baya. Na buɗe ƙofa, ita da Gwaggo suka shiga baya, muka kama hanyar Roni. Hadiza ta ce za ta bi 'yan'uwanta, kuma na san tausayina ne ya sa, ba ta so ta ga ƙarshen abin. Muka fita daga Kazaure, duwatsu suna wucewa. Can na ce, ina kallon titi, "Gwaggo, ki ba Inna haƙuri. Na yi wauta."

Gwaggo ta ce, "Kin ji. Ya ce ya yi wauta. Gara da ya faɗa da bakinsa."

Inna ta gyara mayafinta. Sai da muka yi nisa, ta ce, "Delu, shi wannan aikin, in ya yiwu, an daina zuba wa wake magani ke nan?"

"Haka ya ce."

"Har na talaka?"

"Don talakan ma ake yi, in ji shi."

"To Allah ya sa a dace. Allah ya yi albarka."

Na ƙara riƙe sitiyari. Ba ta ce wa za a yi wa albarkar ba, amma mu uku ne a motar, kuma Gwaggo ba ta binciken wake.

Can Inna ta sake cewa, "Da an bar ni a inda nake, da na ji ƙarshen bayanin."

Gwaggo ta ce, "To wa ya kore ki? Da kin yi zamanki a cikin mayafi, ai zai gaji ya koma."

Har na ɗauka maganar ta ƙare. Sai Inna ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, "Idona ne ya ciko, Delu. Tun yana maganar faifan nan. Ban san yana kallona ba a lokacin, ɗan mitsitsi da shi. In zauna dagatai su ga ina hawaye a kan ɗan fari? Ai gara a ce na gudu."

Na gangara gefen titi na tsaya. Na ce ina jin kamar tayar baya ta yi sanyi. Na fita na zagaya bayan mota na tsuguna, na kifa fuska a hannun babbar riga, na yi kukan da rabona da irinsa tun ina firamare. Manyan motoci suna wucewa, wani mai babur har ya rage gudu ya tambaya ko a taimaka. Na daɗe a wurin. Gwaggo ta leƙo ta taga ta dube ni, ta dubi tayar da ba abin da ya same ta, ta mai da kai ciki. Na ji tana cewa, "Tayar ce, Rabi. Ya kusa gamawa."

Aikin ya tafi, muna kan shekara ta biyu, buhunan suna ƙauyuka, na kuma sami ƙarin girma a wurin aiki. Da takardar ta fito ban kira kowa a lasifika ba. Na je gida, na zauna a tsakar gida daidai ƙofar ɗakin Inna, na ba Gwaggo labari da murya mai ɗan ƙarfi, kamar Gwaggon ce kunnenta ya yi nauyi. Daga cikin ɗaki aka ce, "Delu, a ƙara wa wancan miya."

Abin da na koya ke nan, bayan duk karatun: idan kana son jin abin da ke zuciyar Inna, kada ka tsaya a gabanta. Ka zauna a gefe, ka kalli wani wuri, ka yi kamar ba da kai ake ba.