Takalmin da Ya Zauna Daidai

Wata ranar Lahadi da hantsi, a farkon sanyi, wani mutum a garin Tomakomai yana zaune yana yanke farcen ƙafa, sai matarsa Fumie ta shigo da jakar takalminta, ta ce masa an raba abokan rawa.

Mutumin nan ya yi ritaya daga kamfanin takarda. Ba shi da aikin yi sai kallon masu hasashen yanayi a talabijin yana yi musu gyara. Ita kuwa Fumie tun bara ta shiga ajin manya a filin ƙanƙara na unguwarsu, inda ake koya wa dattawa zamiya da juyi a kan takalmi mai ƙarfe. A ƙarshen sanyi za su yi wasa a gaban jama'a, bibbiyu, mace da namiji, hannu cikin hannu. Wadda duk mijinta bai iya ba, malama ta nema mata abokin rawa. Fumie aka ba ta Kuwabara.

Kuwabara likitan haƙori ne. Matarsa ta rasu, yana rina gashi, in ya yi murmushi kuwa sai ka ce tallan asibitinsa yake yi.

Mutumin ya ajiye abin yanke farce. Ya ce, "Ai ba sai an wahalar da Malam Kuwabara ba. Ni zan yi."

Fumie ta dubi fuskarsa, sannan ta dubi ƙasa, inda ƙafafunsa suke baje a kan tsohuwar jarida. Ta ce, "Baban yara, da wace ƙafar?"

To, ƙafar nan tana bukatar bayani. Tsawonta irin na kowa ne. Faɗin ne abin magana. Daga dunduniya take farawa siririya kamar ta budurwa, sai ta yi ta buɗewa har ta iso yatsu, su kuma yatsun kowanne ya kama gabansa kamar 'yan'uwan da suka yi rigimar gado. A gindin babban ɗan yatsa akwai wani ƙashi da ya turo kai waje yana kallon duniya. Ta hagu ta fi ta dama. In ya je gidan mutane aka ajiye masa silifas ɗin baƙi a bakin ƙofa, rabin ƙafar ne ke shiga, sai ya riƙa jan su kamar mai goge daɓe.

Amma ya riga ya faɗa. Washegari ya bi ta filin.

Matar da ke ba da hayar takalma ta kawo masa lambarsa, ƙafa ta ƙi shiga. Ta kawo na gaba, ta ƙi. Ta yi ta kawowa har ta hau kujera ta ɗauko wani daga can sama, wanda ba a taɓa ba kowa ba. Wannan ya shiga. Sai dai a gaban yatsun akwai sauran wurin da za a iya ajiye kwanon shinkafa. Mutumin ya ce ba komai. Ya miƙe, ya taka ƙanƙara. Ƙafa ta yi gaba a cikin takalmi, takalmi ya yi baya, shi kuma ya zauna.

Kuwabara ya zamo da baya-baya, hannayensa a goye, ya yi juyi ɗaya ya tsaya a kansa. Ya tambaye shi cikin ladabi ko haƙoransa dai lafiya.

A makon nan mutumin ya shiga jirgin ƙasa zuwa birnin Sapporo, ya nufi wani babban shagon kayan wasan ƙanƙara. Mai jiran shago ya durƙusa ya auna ƙafar, ya sake aunawa, ya ba shi haƙuri, ya kira na gaba da shi. Shi ma ya auna, ya ja iska ta haƙora, ya ba shi haƙuri, ya kira manaja. Suka sa takalmi a tanda ya yi laushi, suka tura gefensa da ƙarfe, suka taru su uku suna cusa ƙafar. Ta shiga har tsakiya ta tsaya. Iyaye mata da suka kawo 'ya'yansu suka riƙa wucewa ta wajen, wai suna duba safa. Wata tsohuwa ta raɗa wa 'yarta cewa wannan bawan Allah in ya faɗa ruwa ba zai nutse ba. Raɗar ta kai ko'ina.

Manaja ya sunkuya ya ce laifin shagonsu ne, da ba su yi tanadin irin wannan baƙo ba. Ya ce saura mutum ɗaya a garin nan, tsoho Tsujimoto, mai ɗinka takalmi da hannu a kan ƙafar mutum. Ba kowa yake karɓa ba, amma zai buga masa waya da kansa ya roƙi arziki.

Mutumin ya fito cike da kunya. Ya shekara sittin da wani abu da ƙafar nan bai taɓa sanin abar ɓoyewa ce ba sai ranar.

Ranar da aka sa masa, ya sayi kwalin alawa mai tsada, ya sa sabuwar safa, ya tafi. Shagon Tsujimoto ɗan ƙarami ne, yana warin fata da gam. Tsohon bai yi magana da yawa ba. Ya karɓi alawa, ya nuna masa kujera. A bango an rataye ƙafafun katako jere-jere, na duk waɗanda ya taɓa yi wa takalmi. Dukkansu sirara, dogaye, masu lanƙwasa kamar wuyan tsuntsu. Matar tsohon ta kawo shayi ta zauna a gefe, da alama ba ta da niyyar tashi.

Tsujimoto ya dama farar ƙasa a akwati, ya juya baya yana wanke hannu, ya ce a cire safa a tsoma ƙafa.

Mutumin ya dubi bango. Ya dubi tsohuwa. Ya cire safa, kafin kowa ya gani ya tattare yatsunsa ciki, ya dunƙule su tamau, ya ɗage tsakiyar ƙafar, kamar yadda mai tumbi ke shanye ciki in za a ɗauki hoto. A haka ya tsoma.

Tsohon ya ce, "Ka saki jiki."

"Na saki."

"Kana gumi."

"Shayin ne, maigida. Yana da daɗi ƙwarai."

Farar ƙasa ba ta saurin bushewa. Mutumin ya zauna yana murmushi, sharaɓarsa na rawa, yatsunsa na kuka, har ta daskare. Aka yi wa ɗayar ma haka. Ana zare kowace sai ya yi maza ya tura ta cikin tawul. Tsujimoto ya ɗaga siffar ƙafar da ta fito a farar ƙasa zuwa haske ya daɗe yana kallo. Ya kira matarsa ta zo ta gani. Ya ce tun da yake sana'ar nan bai taɓa ganin irinta ba: gajeriya, mai tudu, a dunƙule kamar ta shaho. Ya ce ƙafa ce ta mai tsalle, da an kama shi tun yana yaro da yanzu wani labarin ake yi.

Mutumin ya koma gida yana taƙama. Ya gaya wa Fumie masana sun ce ƙafar shaho gare shi. Ta ce to, ta ci gaba da yanka kabeji.

Kafin a gama ɗinki, Fumie ta ci gaba da gwaji da Kuwabara, wai na wucin gadi. Mutumin yana zaune a benci da bargo a cinya yana kallon inda likitan ke ɗora hannu.

Da aka gama takalma ya je karɓa, tsohon da kansa ya ɗaura masa igiya. Aiki ne na gwani, ba ƙari ba ragi. Duk inda ya dunƙule, fata ta bi ta dunƙule. Muddin yatsun suna tattare, takalmin ya zauna kamar fatar jikinsa. Da ya ɗan sassauta sai ya ji kamar ya sa ƙafa a bakin kada.

Tsujimoto ya ɗago ya ce, "Yaya?"

Yanzu fa wa zai buɗe baki ya ce wa mutum irin wannan aikinsa ya matse? Ga manajan da ya roƙi arziki. Ga tsohuwa da shayinta. Ga ƙafarsa ta katako an riga an rataye a bango, a tsakiyar jeri. Mutumin ya ce, "Kamar da su aka haife ni."

Tun da takalmi ba zai bi ƙafa ba, sai ƙafa ta bi takalmi. Ya shiga horo. A gida yana tafiya da yatsu a dunƙule kamar kaza a kan kwano mai zafi. A wanka yana dunƙulewa. Yana cin abinci yana dunƙulewa. Fumie ta tambaya ko basir ne, ya ce motsa jiki ne na 'yan wasa.

A kan ƙanƙara kuwa abin ya karɓe shi. Azaba ta miƙar masa da baya tsaf, ta ɗage masa haɓa, ta yage masa baki har haƙora suka fito. Malama ta tsayar da aji ta ce kowa ya dubi wannan tsayuwa, da wannan fara'a. Ta ce shi ne zai yi rawa da matarsa. Kuwabara ya zo yana tambaya a ina aka ɗinka takalmin, mutumin ya ce ai ba kowa tsohon yake karɓa ba, sai ya ga ƙafa tukuna.

Ya gwada kansa, ya ga yana iya riƙe dunƙulen tsawon darasi ɗaya. Rawar tasu kuwa 'yar gajeriya ce. Ya ce shi ke nan, an gama.

Ranar wasa filin ya cika. Tsujimoto da matarsa suka zo tun daga Sapporo, suka zauna a layin gaba. Aka jera 'yan wasa a kan ƙanƙara, kowa da takalminsa, don buɗe taro. Shugaban ƙungiya ya yi jawabi a kan tarihin filin. Wakilin unguwa ya yi jawabi a kan amfanin motsa jiki ga tsofaffi. Aka karanta saƙon waɗanda ba su samu zuwa ba. Aka gode wa wanda ya ba da furanni. Shi ma wanda ya ba da furannin ya ce ba zai ɗauki lokaci ba, ya ciro takarda mai ninki huɗu. Mutumin yana tsaye ƙiƙam yana yage baki, har wakilin unguwa ya nuna shi ya ce ga misali nan.

Da aka zo kansu, ba ya jin komai daga gwiwa zuwa ƙasa. Kiɗa ya tashi. Ya kama hannun Fumie, suka zame tare, sau ɗaya, sau biyu, lafiya lau. A juyin farko ta ɗago ta dube shi, da irin kallon da ya manta tana da shi, ta ce a hankali, "Baban yara, yau ka yi kyau."

Zuciyarsa ta narke. Kafaɗunsa suka sauka. Yatsun ma suka ji labari, suka saki.

Abin da ya faru a cikin takalmin ba wanda ya gani, amma an ji ƙarar mutumin har wurin ajiye motoci. Aka tsayar da kiɗa, aka janyo shi a kan baya zuwa bakin fili. Aka kwance igiya, takalmi ya ƙi fita. Mutum biyu suka ja, ya ƙi. Tsujimoto ya ratso jama'a, ya durƙusa, ya ciro wuƙarsa ta aljihu, ya tsaga aikinsa da kansa daga sama har ƙasa. Ya zare safa.

Ƙafar ta fito. Ta buɗe a hankali kamar laima, yatsa bayan yatsa, ƙashin gefe ya turo kai ya sha iska.

Kuwabara ya sunkuya ya duba, ya ce shi ba fanninsa ba ne, amma kumburi irin wannan sai karaya, a kira motar asibiti. Tsohuwa ta rufe baki da hannu. Tsujimoto ya dubi abin da ke gabansa, ya tuna wadda ya rataye a bango, sai ya kife goshinsa a ƙasa. Ya ce takalminsa ya lalata ƙafar da babu irinta, ya ce daga yau ya rufe shago.

Mutumin ya ga ƙofa ta buɗe masa. Ya lumshe ido, ya ƙara nishi, ya ce cikin muryar mai jinya kada maigida ya damu, ƙaddara ce.

Daga lasifika aka ce in uwargida tana da abokin rawa za a sake kunna kiɗa. Kuwabara ya gyara gashi, ya miƙo hannu. Fumie ta kama. Ta sa ƙafa ɗaya a kan ƙanƙara, sannan ta waiwayo wajen tsohon da ke kife.

"Tashi, Malam Tsujimoto, kada ka rufe shagonka. Ba kumburi ba ne. Ƙafar nan a haka na aure ta."