Liƙin da Na Yi a Filin Sukuwa

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da masu gadi biyu suka kama ni ta hammata a bainar jama'a, takalmina ƙafa ɗaya yana can cikin turɓaya, mai lasifika kuma yana ta nanata cewa ba a caca a wannan fili. Ni da ko karta ban iya rabawa ba. Amma bari in faro daga tushe, don in na bar ku a nan za ku ɗauka na cancanci abin da ya same ni (ko da yake, in za a bi gaskiya, na ɗan cancanta).

A unguwar Hindawiyya ta Makka aka haife ni, a nan na girma, a nan nake jan tasi. Mahaifiyarmu, Inna, ciwon ƙoda ya kama ta, sai an kai ta asibiti wankin ƙoda sau uku a mako. Da farko ni nake kai ta. In ajiye aiki, in tallabo ta zuwa mota, in yi zaman jira rabin yini, in dawo da ita tana jiri. Da ta lura cefane ya fara ja da baya a gidana, sai ta ɓullo da dabara. Ranar zuwa asibiti sai ta ce, "Yau da sauƙi, je ka nemi abincin 'ya'yanka." Haka ta riƙa tsallake wanki har ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya fara gagararta. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba.

Ana cikin haka wata farar bas ta fara shigowa unguwarmu, mai ɗaga keken mara lafiya da kanta, da ma'aikaciyar jinya a ciki. Ta ɗauki masu wankin ƙoda daga bakin lungu, ta kai su, ta dawo da su, ba ko sisi. Bas ɗin ta filin sukuwa ce. Akwai wani ɗan filin tseren dawaki a wajen gari, in ka fita ta tsohuwar hanyar Jidda, wanda wata ƙungiyar taimako take gudanarwa. Ba na wani attajiri ba ne, ba kuma mai zuwa ya raba riba. Kuɗin shiga, da hayar rumfunan masu shayi da dafaffen waken nan balila, da abin da 'yan kasuwa ke biya a rataya sunan shagonsu a jikin shinge, in an cire na ciyawa da albashi, abin da ya rage unguwanni yake komawa. Yara masu lalurar ƙafa ana ɗora su a kan dawaki masu sanyin hali don gashin ƙashi. Samarin da ke zaman kashe wando ana koya musu aikin barga.

Cikin waɗannan samarin har da ƙanena Talal, wanda ya kai shekara talatin bai taɓa riƙe aiki ya ga ƙarshen wata ba. Siriri ne kamar tsinken tsire, kullum gori muke masa. Ashe ramar tasa arziki ce. A filin suka dube shi suka ce jikin mahayi gare shi. Daga sharar barga ya kai ga hawa doki a tsere, ya fara kawo wa Inna lemo da kuɗinsa. Kun ga ke nan gidanmu ta fuska biyu muke cin albarkacin filin nan.

To, sai Malam Hamidu ya yi magana. Shi ne limamin ƙaramin masallacin lungunmu, dattijo ne da in ya ce ruwan nan da ɗaci, tsofaffin unguwa ba za su ɗanɗana don su tabbatar ba. Yana saurayi a gida Najeriya ya ga wani maƙwabcinsu ya sayar da gona a kan tseren dawaki, abin bai taɓa barin ransa ba. Bai ce haramun ba ne. Cewa kawai ya yi bayan sallar magariba, "Ni dai a sanina, duk inda doki ya yi gudu akwai wanda ya sa kuɗi. Ina da shakka a kan motar nan."

Washegari bas ta zo, Inna ta ƙi fita. Na lallaɓa, na yi rantsuwa, na kawo Talal ya yi bayani. Ta dube mu ta ce, "Ina zaune maƙwabtan Ɗakin Allah, a ɗauke ni da kuɗin caca a je a wanke mini jini? Gara jinin ya zauna da dauɗarsa." Wasu tsofaffi biyu a lungun su ma suka janye, su kuwa ba su da ɗa mai tasi. Na koma kai Inna da kaina, amma na san halinta. Ba za a jima ba za ta fara cewa yau da sauƙi.

Na sami Malam na durƙusa. "Allah gafarta Malam, gani ya kori ji. Juma'a akwai tsere bayan la'asar. Ni zan kai ka, ni zan dawo da kai. In ka ga abin da bai dace ba, da bakina zan ce wa Inna kada ta sake hawa."

Ya ce, "Tayyib. Allah ya kai mu."

Kafin ranar sai da na bi abokaina ɗaya bayan ɗaya ina ja musu kunne. Kowa ya kama kansa, ban da ihu, ban da tsalle, Malam zai zo. Abokina Isiyaku, wanda muke layin tasi ɗaya, har sau biyu na kira shi, don na san shi da rawar kai. (Ku riƙe wannan, za ku buƙace shi nan gaba.)

Ranar Juma'a na sa farar jallabiyata mai guga, na ɗauko Malam. Tun daga ƙofa na zama ɗan jagora. Ga tagar sayen tikiti, Malam, ita kaɗai ce tagar da ake miƙa kuɗi. Ga barga, ga inda ake ɗora yara, ga bas ɗin can a inuwa. Ina ta zuba kamar ni na gina wurin, shi kuwa daga "uhm" sai "to". Da muka zauna aka fara tsere, sai na lura da wani abu. Malam ba dawaki yake kallo ba, hannuwan mutane yake kallo. Duk wanda ya sa hannu a aljihu sai ya bi shi da ido har ya ga abin da ya ciro, carbi ne ko waya. Tsere biyu suka wuce bai ga komai ba, na fara jin iska tana shiga ta.

Sai aka fito da dawakin tsere na uku, ga Talal a kan wata jar goɗiya. Bai taɓa zuwa na ɗaya ba, ban kuma sa rai ba. Aka sake su yana can baya. A kwanar ƙarshe sai na ga jar goɗiyar nan ta fito ta gefe tana cin ƙasa, Talal ya kwanta a wuyanta kamar an ɗinke shi. Ta wuce ɗaya, ta wuce biyu. Ƙanena, wanda duk unguwa ta yanke masa ƙauna, ya tsallake layi a gaban kowa.

Daga nan ban san inda hankalina ya tafi ba. Mu Hausawan Makka mun saki abubuwa da yawa na gida, 'ya'yanmu ma Hausar sai a hankali, amma liƙi bai bar jininmu ba. In naka ya yi abin kirki, hannunka da kansa yake neman aljihu. Na laluba na ji 'yar riyal hamsin ce guda, ita kuwa ba a liƙi da takarda ɗaya. Na miƙe ina ihu, "Mun ci! Mun ci! Isiyaku, yalla, miƙo, miƙo!" Na cusa masa hamsin, ya zaro 'yan biyar-biyar yana danƙa mini. Wasu 'yan unguwa biyu suka miƙo nasu su ma, in liƙa a madadinsu. Na dunƙule kuɗin, na tattare jallabiya, na haura shinge.

Yanzu ku tsaya a inda Malam yake zaune ku duba. Doki ya ci tsere, mutum ya miƙe yana cewa mun ci, ya karɓi kuɗi a hannun mutum uku, ya ruga ya kai wa mahayi. Ko ni aka nuna wa haka, me zan ce?

Na isa wurin Talal ya sauko ke nan, na fara manna masa kuɗi a goshi ina masa kirari. Sabuwar riyal biyar ɗin nan kuwa mai santsin leda ce, ba ta kama goshi, sai ta zame iska ta ɗauka. Ina mannawa suna tashi. Talal yana ja da baya yana cewa, "Yaya, mamnu'u! Wallahi an hana, bari!" Wata takarda ta faɗa wa goɗiyar a ido, ta zabura ta buge ni da kafaɗa, na zauna daɓas a ƙasa, takalmi ya yi nasa wuri. Kafin in tashi masu gadi sun iso. Suka ɗaga ni sama, mai lasifika ya fara sanarwarsa, duk filin ya zubo mini ido. Da aka zo wucewa da ni ta gaban rumfa na ɗaga kai muka haɗa ido da Malam. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Kunya daban, amma abin da ya fi ci mini rai Inna ce. Ni na kawo Malam don in ceci kujerarta a bas, ni kuma na rusa komai da hannuna.

Aka kai ni ofishin shugaban filin, wani dattijon Balarabe da ake kira Abu Nayif. Ransa a ɓace yake matuƙa. Ya ce, "Ish hada, ya shaikh? Mene ne haka? Shekara da shekaru muna tsare sunan wurin nan. Rana ɗaya aka ce ana caca a nan, an rufe mu. Ka san mutum nawa ke jiran motarmu gobe?" Na so in ce masa uwata tana cikinsu, amma Larabcin da aka haife ni a cikinsa ya gudu ya bar ni. Sai "wallahi" nake ta jerawa.

Sai ga ƙarar sanda a bakin ƙofa. Malam ya shigo, Talal a bayansa riƙe da takalmina. Na sunkuyar da kai na ce ta faru ta ƙare. Malam ya yi sallama, ya zauna ba a ba shi kujera ba, ya dubi Abu Nayif ya ce da Larabcinsa na littafi, "Wannan ba caca ba ce, wautarmu ce ta gida. Irin abin da ku ma kuke ba amarya da mawaƙa ranar biki. Mahayin ƙanensa ne. Ɗan caca in dokinsa ya ci karɓa yake yi, wannan sakaran kuwa rabarwa yake."

Abu Nayif ya dube ni, ya dubi Talal, ya dubi ƙafata mara takalmi. "Biki?" in ji shi. "To ina amaryar, goɗiyar?" Masu gadin suka juya baya kafaɗunsu na rawa. Aka sallame ni da sharaɗin kada in sake haura shinge, kuɗin da aka tsinto kuma aka zuba a akwatin man bas.

Na ɗauko Malam da Talal muka kamo hanyar gida. Da muka iso lungu sai Malam ya ce in kai shi wurin Inna. Ya tsaya daga bakin ƙofa suka gaisa, sannan ya ce, "Hajiya, ki hau motarki, ki gaya wa sauran su ma su hau. Duk surutun da ɗanki ya yi mini bai gamsar da ni ba, don mai talla ba ya kushe kayansa. Amma wurin da za su ja mutum kamar buhun shinkafa don sun ga riyal biyar ta sauya hannu, ba gidan caca ba ne. Na ga idon masu gadin nan, da gaske suke."

Inna ta ce, "Wa aka ja?"

Malam ya nuna ni da sanda ya yi tafiyarsa, ya bar Talal da ba da labari, har da kwaikwayon yadda na zauna a ƙasa. Inna ta yi dariya har sai da muka ba ta ruwa. Rabon da in ji dariyarta haka tun kafin ciwon.

Washegari bas ta zo, na tura kekenta zuwa bakin lungu, sauran tsofaffin biyu suna can suna jira. Ana shirin ɗaga ta sai ta ce in sunkuyo. Na ɗauka addu'a za ta yi mini. Ta kwance bakin mayafinta, ta ciro wata tsohuwar riyal biyar ta takarda, ta manna mini a goshi a gaban direba da ma'aikaciyar jinya da duk masu wucewa. Wannan kam ta kama, ta zauna daram.

Har yau a layin tasi Abu Liƙi ake kirana, Isiyaku kuma duk ranar tsere sai ya kira ni sau biyu ya ja mini kunne in kama kaina. Ba na jin haushi. Ƙanena mahayi ne, uwata tana samun wankinta, bas tana zuwa. Abin da na koya shi ne, in za ka kai mutum ya ga gaskiyar wani wuri, rage surutu, wurin zai yi bayanin kansa, ko da kuwa da kai za a buga misalin. Filin sukuwa kuma ina zuwa har gobe, sai dai a mota nake barin walat ɗina, hannuwana kuma a hammata.